Rabin Saƙon Iya

Makera, Kaduna

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya kai motarku Abuja lami lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya kuma sa aikin nan da kika samu ya zame miki alheri.

Na ce wa mamanku ta gaya miki kada ki buɗe ambulan sai kin sauka kin huta. Amma ai na san 'yata. Kafin ku wuce Gonin Gora kin yage shi, masu tallar burodi da ayaba suna cusa miki kaya ta taga ke kuwa kina karatu. To shi ke nan, karanta. Ki dai rungume jakarki da kyau, don a aljihun ciki akwai wani ɗan baƙin faifan ajiya da na naɗe cikin tsohuwar hulata, kuma saboda shi nake wannan dogon rubutu.

Shekaranjiya muna cin tuwo kika ce, "Baba, ina saƙon Iya? Ai ranar ta zo." Na ce miki yana nan, na yi maza na kawo zancen direba. Ban yi miki ƙarya ba, amma ban cika miki gaskiyar ba. Saƙon da kakarki ta naɗa miki da bakinta, wanda ta ce kada a kunna sai ranar da takwararta za ta bar gida, yana cikin faifan nan, sai dai rabinsa ne. Sauran ya salwanta, kuma a hannuna ya salwanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan gaya miki yadda aka yi tun daga tushe. Akwai kuma wani dalilin. A wannan zaman ne kika ce da kin daidaita za ki sayi irin rumbun gidanmu, wato akwatin nan mai ajiye kwafi, ki haɗa da kwamfutarki, duk aikinki ya riƙa shiga can da kansa, ke kuwa ki yi barcinki har da minshari. Kalma da kalma abin da ni ma na taɓa faɗa ke nan.

Kina makaranta a Zariya aka fara abin, hutu kawai kike gani, shi ya sa ba ki san cikinsa ba. Bayan ƙafafun Iya sun yi rauni mun dawo da ita nan, kullum in an yi la'asar sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a gindin gwaiba, ta ce, "Kai yaron nan, kawo abin naka mai kama magana." Ni da furfurata, yaron nan. Sai in aza waya a kan kujera 'yar tsuguno, ita kuma ta kama. Waƙoƙin niƙa, labarin ƙauyensu, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wace shekara fari suka cinye gero. In wayar ta cika in juye a kwamfutar gida in share, gobe a ci gaba.

Wata rana Bitrus ya zo ya same ni ina juyewa. Kin san shi, abokina tun muna masaƙa a Kakuri, ni a ɓangaren wuta shi a ofis, wanda da aka rufe masaƙar ya koma gyaran kwamfuta. Ya dubi tawa ya ce, "Injiniya, wannan kwamfutar taka ta kusa sa'ar Iya. Ran da ta ƙi tashi, abeg, kada ka neme ni." Shi ya kawo mana ɗan akwatin nan da bai kai girman bulo ba, mai faifai a ciki. Ba a jikin kwamfuta ake jona shi ba, a jikin rauta ake jonawa, wato na'urar da ke raba intanet a gida, kwamfutar kuma ta riƙa aika masa kwafin duk abin da ke cikinta ba sai an ce mata ba. Iya ta tambayi mene ne, na yi mata bayani iya iyawata, ta ce, "Au, rumbu ke nan." Daga ranar sunan ya bi shi.

Kuskurena na farko kuwa, Ummi, daga sana'ata ya fito. Kin tashi a gidan da ba a fita a bar komai a jikin bango. Kin sha faɗa a kan caja, ƙannenki sun sha a kan talabijin. Ba mugunta ba ce. Na ga abin da wuta ke yi in an ɗauke ta ta dawo da ƙarfinta, na kwashe ƙonannun firji da fanka a gidajen mutane har na gaji da kwasa. Don haka kullum da safe kafin in fita aiki sai na zagaye gida ina zare-zare: talabijin, kwamfuta, rauta, har da rumbu. Ashe Bitrus ya saita abin ne ya riƙa kwafa tsakanin hantsi da azahar, lokacin da ba mai taɓa kwamfutar. Shi ya rantse ya gaya mini in riƙa barinsu a kunne, ni kuma har gobe ban tuna ba, kuma har gobe muna wannan gardamar. In na dawo da yamma na mayar da komai, sai 'yar koriyar fitilar rumbun ta kama, in dube ta in ji daɗi a raina, in ce kayan Iya suna wuri mai tsaro.

Sai da Babbar Sallah ta zagayo Bitrus ya zo cin nama, da maiƙo a hannunsa ya ce bari ya leƙa ya ga yadda ɗansa ke aiki. Ya leƙa, ya sake leƙawa. Ba komai a cikin rumbun sai hotunan da ya gwada da su ranar farko. Ya ce, "Injiniya, me kake yi wa abin nan da rana?" Kafin in buɗe baki mamanku ta amsa daga bakin murhu, "Kulle shi yake yi. Ya gina rumbu, amma duk lokacin da za a kawo dawa sai ya rufe ƙofa ya tafi da makulli." Iya ta yi dariya har da tari. Ranar ba a yi asarar komai ba sai girmana.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, koriyar fitila ba abin da take faɗa miki sai cewa akwai wuta. Ki nemi inda kwamfutar ke rubuta ranar da ta yi kwafi na ƙarshe, ki riƙa dubawa da idonki. Ki san lokacin da take aikin, ki tabbata a lokacin tana kunne, ba a rufe a cikin jaka ba, don taki ta ɗauka ce, da kin rufe murfi ta yi barci. In lokacin bai dace da zamanki ba ki canja shi. Kuma ki sani ɗabi'ar da ta tsare ki a wani wuri tana iya cutar ki a wani. Ni tawa ta tsare mini firji shekara da shekaru, ita ce kuma ta bar mini rumbu wayam.

Na biyun ya fi ba ni kunya. Bitrus ya mayar da kwafin zuwa bayan magariba, ya kuma ce in ja waya daga rauta zuwa kwamfuta kai tsaye, don rauta da rumbu suna falo, kwamfuta tana ɗakin ƙurya, tsakaninsu bangon bulo har biyu. Ni da na ƙare rayuwata ina huda bangon mutane ina ja musu waya, sai na ce ba zan huda nawa ba, ba a daɗe da yin fenti ba. Na ce ai abin yana tafiya ta iska, a bar shi ya tafi. Yana tafiyar kuwa, amma irin ta hawainiya. Ga shi kin san wutar unguwarmu, ba ta sallama in za ta tafi. Ana cikin kwafi sai ɗif. In tayar da injin janareta, in juya layi, komai ya mutu ya farfaɗo. In an kawo wuta in sake juyawa, ya sake mutuwa. Duk juyi ɗaya ina yanke wa abin magana a baki, ban sani ba.

Rannan ina shirin fita, wani mai gida da zan yi wa aiki yana jirana a waje yana ta danna hon, sai wani dogon saƙo da Turanci ya fito a fuskar kwamfutar. Ban karanta ba. Na dai ga maɓalli biyu a ƙasa, na danna na dama, irin yadda mutum ke kore ƙuda daga bakin kwano. Sai daga baya na san abin da ya ce. Cewa ya yi ajiyar da ke cikin rumbu ta sami matsala saboda yawan yankewa, yana neman izini ya share ta ya fara sabuwa daga farko. Ni kuwa na ba shi izini. Duk abin da ya daɗe yana tarawa da ƙyar ya share, ya koma yana ɗiba kaɗan-kaɗan ta cikin bango biyu. Har zuwa lokacin komai yana cikin kwamfuta. Da na ɗaga waya na ce, "Bitrus, wani abu ya fito na danna," da ba a kai inda aka kai ba. Ban kira ba, don ban ma san na yi wani abu ba.

Ummi, ki ja waya. Ko mai gidan hayar zai ɓata rai, ki lallaɓa shi, ko ki bi da ita ta ƙarƙashin ƙofa. Ki sayi ɗan akwatin batirin nan da ke riƙe wuta in an ɗauke, ki jona rauta da rumbu a kai, don su sami damar ƙarasa abin da suke yi. Sannan duk saƙon da ya fito ki karanta shi, ko da wa ke jiranki a waje. Ke Turancinki ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma saurinki ma ya fi nawa, na ga yadda yatsanki ke yi a kan waya. Wanda ya ce miki zai fara sabo, ki tambaye shi me zai yi da tsoho. Kada ki yarda a share komai sai kin kwashe shi kin ajiye a wani wuri dabam. In ba ki gane ba ki bar saƙon a buɗe, ba ya ruɓewa, ki kira wanda ya sani.

A cikin wannan tsakanin ne Iya ta yi miki saƙonki. Ranar ta sa aka ɗauko mata farin mayafinta kamar mai zuwa biki, ta ce, "Yau ba waƙa, yau da takwara zan yi magana." Ta daɗe tana yi, har inuwar gwaiba ta bar kanta. Da ta gama ta ce in ajiye, kada kowa ya ji, ko ni kada in sake kunnawa, sai ranar tafiyarki. Na juye a kwamfuta, na rubuta masa suna "Na Ummi", na share na waya kamar yadda na saba.

Ba a daɗe ba intanet ɗinmu ya lalace, na je kasuwa na sayo sabuwar rauta, na haɗa da kaina ina jin ni ma na zama gwani. Waya ta kama, kwamfuta ta kama, na mayar da igiyar rumbu a jikinta, fitila ta yi kore. Abin da ban sani ba, sabuwar rauta ta ba rumbun sabon adireshi, kwamfuta kuwa tana ta zuwa tsohon, kamar baƙon da ke sallama a gidan da masu shi suka tashi. Kullum ta je ba ta sami kowa ba, sai ta dawo ta sa wata 'yar alama ruwan ɗorawa a can kusurwa. Na ga alamar, ba zan ce ban gani ba. Na ɗauka irin nacin nan ne na a sabunta wannan a sabunta wancan. Daga nan jikin Iya ya tsananta, muka koma tsakanin gida da asibiti, har Allah Ya karɓi abarsa. Kin zo, kin ga yadda gidan ya cika. Wa ke ta kwamfuta a lokacin?

Don haka ki riƙe wannan: duk ranar da kika canja wani abu, rauta ce, kalmar sirri ce, ɗaki kika sake, ki ɗauka hanyar ta yanke har sai kin ga sabon kwafi da kwanan watan ranar. Abin ba ya ihu in ya tsaya. Ya fi ki kawaici, alamarsa ma sai kin kai ido kusurwa.

Bayan rasuwar ban ƙara buɗe muryoyin ba. Ba mantuwa ba ce, kasawa na yi. Na san in na ji ta ce "kai yaron nan" ba zan iya riƙe kaina ba. Mamanku ta sha cewa, "Malam, kunna mana waƙar niƙan nan ko ɗaya, gidan ya yi shiru da yawa." Sai in ce ba yanzu ba, suna nan a kwamfuta, suna nan a rumbu, ina za su je? Da na bi maganarta ko sau ɗaya na zauna gaban kwamfutar da natsuwa, wataƙila da na tsaya na karanta alamar nan. Ita dai ta faɗa, ni ne ban ji ba, kuma ba yau na fara ba.

Da damina ta tsaya, wata safiya na kunna kwamfutar sai na ji tana ƙas-ƙas-ƙas a ciki, fuska baƙi ƙirin. Ba tsawa ba ce, ba wuta ba ce, duk na zare komai kafin hadari kamar kullum. Tsufa ne kawai, yadda Bitrus ya faɗa tun farko. Na ɗauke ta na ɗauki rumbun na sa a Keke mai ƙafa uku na nufi shagonsa, kuma Allah Ya sani ko a jikina. Har ba'a nake masa a bakin ƙofa, na ce, "Ka ce kada in neme ka, to ga ni." Ya buɗe ta ya saurari faifan ya girgiza kai, ya ce wannan ya tafi. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kai wa wanda ya fi shi, shi ma ya dawo da shi. Na ce ba komai, buɗe rumbu.

Ya buɗe. Ina tsaye a bayansa ina ganin wuyansa yana sunkuyawa. Sabuwar ajiyar nan da na ba da izini a fara ba ta taɓa kammaluwa ba. Ta kwashi hotuna, ta kwashi tsofaffin waƙoƙi da labarin dangi, ta fara shiga na baya-bayan nan, sai ta tsaya cak a ranar da na canja rauta. Na watannin ƙarshe da yawa babu su sam. Amma sai na hango "Na Ummi" a jere da sauran, na yi hamdala da ƙarfi har mai shagon kusa ya leƙo. Bitrus bai yi murna ba. Ya nuna mini girman fayil ɗin ya ce ya yi masa ƙanƙanta. Na ce Iya ta hana a kunna. Ya ce, "Injiniya, Mama za ta yafe mana, dole mu ji ƙarshensa." Muka tsallaka can gaba muka kunna. Tana cikin magana sai shiru.

Bitrus ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Sannu, ɗan'uwa. Ni ma da laifina, ya kamata in riƙa leƙowa." Na ce ba naka ba ne. Na zauna a kan bencinsa na yi kuka, Ummi, a tsakiyar rana, a gaban masu wucewa, kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Bai ce mini in yi haƙuri ba, ya dai ja labulen shagon ya zauna kusa da ni.

Ganin sunan abu a jere ba shi ne samun abin ba. Wannan shi ne babban abin da nake so ki tafi da shi a sha'anin ajiya. Ki sa wa kanki rana, ko farkon wata in kin ga dama, ki shiga rumbun ki ɗauko wani abu daga can, ki buɗe shi, ki bi shi har ƙarshe. Ki yi kamar kwamfutarki ta mutu, ki ga ko kin san hanyar dawo da kayanki, ko kina tuna kalmar sirrin. Ki yi wannan ranar da komai ke lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kuma tambayi wanda zai haɗa miki ko abin da kika share a kwamfuta can ma sharewa yake yi, don akwai masu irin wannan hali, in kin yi kuskure a nan su maimaita miki shi a can.

Yanzu kam in kin dawo hutu za ki ga rami a bangon falo, da hannuna na huda, fentin ma ban gyara ba. Na ja waya, na sa batir, na manna takarda a kan soket ɗin na rubuta "kada a zare", kuma mamanku ta ce duk gidan ba wanda ke bukatar karanta ta sai wanda ya rubuta. Ihu bayan hari ne, na sani, amma abin da ya rage ma abin tsarewa ne. Na kuma gane cewa rumbun da ke gida ɗaya da kwamfuta ɓarawonsu ɗaya, yoyonsu ɗaya, gobararsu ɗaya, Allah Ya kiyaye. Shi ya sa na kwafe duk abin da muka tsira da shi a ƙananan faifai. Ɗaya yana wurin Bitrus, ɗaya kuma shi ne a jakarki. Kada ki bar shi jone a kwamfuta kullum. Ki kwafe abin da ke ciki, ki zare shi, ki sa a wurin da kike ajiye takardun makarantarki. Ke ma naki aikin ki riƙa yi masa haka, in kin zo gida ki kawo mana kwafi mu ajiye miki.

Rabin da ya rage na ji shi, tunda dole ta sa, ki gafarce ni. Ba zan ɓata miki daɗinsa ba, amma zan gaya miki fasalinsa don ki shirya. Ta fara da tsokanarki, ta ce kin ɗauke mata suna ba ki biya ba. Ta ce in kin sauka baƙon wuri ki fara gaida maƙwabta tun ba ki da bukatarsu. Ta yi miki faɗa a kan cin abinci a tsaye. Sannan ta ce akwai wata magana da uwarta ta faɗa mata a tashar jirgin ƙasa ranar da za ta taho Kaduna, maganar da ta riƙe ta duk rayuwarta, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ke ta ajiye wa. Ta ce, "Zan zo kanta, amma tsaya ki ji yadda muka yi da kaza." Kin san Iya, ba ta shiga gari ta ƙofa ɗaya. Ta kama labarin wata kaza da aka ba ta guzuri a kwando, wadda ta kuɓuce a cikin tarago, fasinjoji suna binta ƙarƙashin kujeru. Ana cikin bin kazar nan ne ya yanke.

Na san abin da za ki tambaya, don ni ma shi na fara tambayar kaina a kan bencin Bitrus. Ai ina wurin. Ni na aza wayar, ina zaune kusa da ita har ta gama. To me uwarta ta ce mata? Ummi, ban sani ba. Ina zaune a wurin amma ban saurara ba. Idona yana kan batirin waya kada ya ƙare, hankalina yana kan wani aiki da zan je washegari. Na ce a raina ai ana naɗewa, ranar da za a kunna miki ni ma na ji a tsanake. Uwata tana gefena tana faɗin maganar da ta ɓoye tun tana yarinya, ni kuma na bar wa na'ura ta saurara mini. Abin da na iya tunawa kawai shi ne da ta gama ta share ido da gefen mayafi, sannan ta yi dariya. Na tambayi mamanku, ta ce tana can tana jajjage ba ta ji ba. Na buga wa Gwaggonki a ƙauye, ta ce ita ba a haife ta ba ma lokacin. Na yi tunanin in ƙirƙiro wata magana mai daɗi in ce miki ita ce, da kin yarda kuwa, amma ba zan sa wa Iya magana a baki ba.

Wannan ya fi duk sauran yi mini ciwo, kuma ba igiya ko batirin da zai gyara shi. Ki ajiye kwafi, ki ajiye da kyau yadda na bayyana miki. Amma in mutum yana yi miki magana, ki ajiye wayar ki ji da kunnenki. Mamanku za ta riƙa kiranki, za ta faro daga tsadar tumatir ta bi ta kan 'yar wance da ta haihu kafin ta iso abin da ya sa ta kira. Kada ki sa ta a lasifika kina danne-danne. Ki bi ta har ta iso. Ni ma in na kira na hau dogon bayani irin wannan, ki yi haƙuri da ni, gado ne.

Kada ki kunna shi a mota cikin hayaniya. Ki bari sai kin shiga ɗakinki, kin yi salla, kin ci wani abu, a zaune. In kin kai inda ya yanke kada ki ɗauka kwamfutarki ce ta sami matsala, kada ki yi ta mayarwa baya kina nema. Nan ya tsaya. A daidai wurin ki ɗaga hannu ki yi mata addu'a, in da saura ki sa da babanki.

Mamanku tana gaishe ki, ta ce yajin yana cikin robar da ke ƙasan jaka, kada ki bari ya zube a kan kayanki. Ƙannenki suna gaisuwa, Bitrus ma ya ce in gaida 'yarsa. Ki kira da zarar kun sauka. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da abin kunya, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya jiƙan Iya, Ya sa ta huta. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ne,
Babanki.